Yadda Ake Gyara Kwamfutar Tebur Da Ta Tsaya A Baƙin Allo Da Ɗan Layi Mai Ƙiftawa

Akwai wata matsala da ke yawan tayar wa masu kwamfutar tebur hankali. Mutum ya danna maɓallin kunnawa, fanka ta tashi, fitilar gaba ta kama, tambarin kamfanin da ya ƙera na'urar ya bayyana na ɗan lokaci, sai kuma allo ya yi baƙi ƙirin, babu abin da ya rage a kansa sai wani ɗan gajeren layi fari a kusurwar sama ta hagu yana ta ƙiftawa. A jira minti biyar ko a jira awa guda, yana nan inda yake. Abin da ya saba biyo baya shi ne a ɗauki na'urar a kai wa mai gyara, shi kuma ya ce sai an yi mata fomatin, a nan ne takardun shekaru da hotuna da lissafin kasuwanci ke salwanta, alhali kuwa sau da yawa suna nan lafiya lau a cikin faifan ajiya, hanyar isa gare su ce kawai ta toshe. Saboda haka an jera matakan da ke tafe ne daga wanda ba ya taɓa bayananka ko kaɗan zuwa wanda ke iya taɓa su, kuma bai kamata a tsallake wannan jeri ba.

Kafin a taɓa komai, yana da kyau a san abin da wannan ɗan layi yake nufi. Idan aka kunna kwamfuta, ba Windows ce ke fara aiki ba. Wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a jikin madabod, wato babban allon da dukkan sassan na'urar ke haɗe da shi, wadda ake kira BIOS a tsofaffin kwamfutoci, ake kiran magajiyarta UEFI a sababbi. Aikinta na farko shi ne ta duba ko furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, da RAM, wato ma'ajin wucin gadi da na'urar ke aiki da shi, da sashen nuna hoto suna amsawa, daga nan ta bi jerin na'urorin da aka tsara mata ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda za ta miƙa wa ragama. A tsohon tsari, wanda ake amfani da shi tun 1983, abin da take karantawa shi ne bayit 512 na farkon had-disk, wanda ake kira MBR. Bayit 446 daga ciki umarnin tashi ne, 64 taswirar ɓangarorin faifan ce, biyun ƙarshe kuma hatimi ne da ke shaida cewa ana iya tashi daga wannan faifai. BIOS ba ta tantance ko umarnin mai kyau ne ko lalatacce. Muddin ta ga hatimin, sai ta miƙa ragama ta janye. Idan umarnin ya lalace, ko kuwa abin da ta miƙa wa ba ya ɗauke da babbar manhaja irin su Windows sam, to babu wanda ya rage da zai rubuta saƙon kuskure a allo. Shi ya sa layin ke ƙiftawa shi kaɗai.

Wannan yana nuna cewa wuta tana shiga, furosesa tana aiki, allo ma yana karɓar hoto, matsalar galibi tana tsakanin BIOS da faifai ne. Sai dai ka tabbata alamar da kake gani ita ce wannan. Baƙin allo da kibiyar mawus da ke motsawa idan ka motsa hannu wata matsala ce dabam, domin a can Windows ta riga ta tashi. Haka nan allon da bai nuna komai ba tun farko, tare da ƙarar bib-bib daga cikin akwati, ya fi kusa da matsalar RAM ko katin hoto.

Fara da abin da ke waje

Mataki na farko ba ya bukatar sukuddireba. Danne maɓallin kunnawa har kwamfutar ta mutu, sannan ka zare duk abin da ke soke a jikinta, gaba da baya, ban da wayar wuta da wayar allo da kibod. Filashi, faifan waje, firinta, sikana, modem, na'urar karanta katin memori, har da wayar salula da aka jona don caji, duka a cire. Idan akwai ma'ajin CD, buɗe shi ka tabbata ba a manta faifai a ciki ba. Sai ka kunna.

Na taɓa ganin wannan a wani shagon buga takardu. An shafe safiya ana kunnawa ana kashewa, masu jira sun cika benci, mai shagon har ya aika a kira mai gyara, ashe wani ɗalibi ne ya zo da daddare aka buga masa aiki, yaron shago ya soke filashinsa a kafar baya saboda na gaba sun saki, aka tashi aka manta da shi. Filashin kuwa an taɓa ɗora masa Windows a can baya aka goge fayilolin, amma hatimin tashi yana nan a farkonsa, BIOS ɗin kuma an tsara ta ne ta fara duba USB kafin faifan ciki. Ana zare shi kwamfutar ta tashi kamar ba a yi komai ba. Idan taka ma haka ta kasance, kada ka tsaya a nan, ka shiga BIOS ka gyara jerin tashi kamar yadda bayani zai zo, in ba haka ba gobe wani filashin zai maimaita maka.

Idan zare kayan bai yi magani ba, kashe ta, ka cire filoginta daga bango ko daga UPS, ka danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ke maƙale a sassanta ta fice. Mayar da filogi, ka kunna, ka kara kunnenka a jikin akwatin. Had-disk mai juyawa idan lafiyarsa ƙalau za ka ji ya tashi da ɗan gunji siriri, ya yi 'yar kacar-kacar, sannan ya lafa. Idan kuwa ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas a jere ba tsayawa, ko yana tashi yana mutuwa, to kashe kwamfutar nan take kada ka sake kunna ta, domin wannan alama ce ta lalacewar allurar karatu ko injin juyi, kuma kowace kunnawa tana ƙara rage damar ceto abin da ke ciki. Irin wannan faifai aikin masu ceto bayanai ne, ba na gida ba. SSD kuwa, wato sabon nau'in faifan ajiya da babu abin da ke juyawa a cikinsa, ba ya sauti, don haka shirunsa ba ya nuna komai.

Shiga BIOS

Ana shiga BIOS ne ta hanyar danna wani maɓalli a kai a kai da zarar an kunna, tun kafin tambarin kamfani ya ɓace. A Dell F2 ne, F12 kuma ya buɗe jerin zaɓin tashi na lokaci ɗaya. A HP F10 ne, F9 jerin tashi, Esc kuma ya nuna dukkan zaɓuɓɓuka. A Lenovo ThinkCentre F1 ne da F12. Kwamfutocin haɗi masu madabod na ASUS ko Gigabyte ko MSI kuwa Delete ne ke shigar da mutum, jerin tashinsu kuma F8 a ASUS, F12 a Gigabyte, F11 a MSI. Yi amfani da kibod mai waya, a soke shi a kafar baya, domin maras waya yakan makara wajen farkawa har lokacin ya wuce.

Shigar kanta gwaji ce. Idan ka yi ta dannawa ta ƙi shiga, sai layin ya ci gaba da ƙiftawa, to akwai yiwuwar BIOS ɗin ce ta maƙale tana jiran amsar wani sashe da ya ƙi amsawa, kuma lalataccen faifai yana cikin manyan masu jawo haka. A wannan hali tsallaka zuwa buɗe akwati, ka zare wayar faifan, ka sake gwadawa. Idan ta shiga BIOS bayan an cire shi, ko ta rubuta cewa ba ta ga na'urar tashi ba, to ka gano mai laifi: faifan ne, ko wayarsa, ko kafar da aka soke shi.

Idan ka samu shiga, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka kafin ka canza komai. Wannan ɗan aiki na minti biyu shi ne zai cece ka idan ka rikice daga baya.

Abin dubawa na farko shi ne kwanan wata da agogo. Idan ka ga sun koma shekarun baya, to batirin madabod ya mutu. Wani ɗan batir ne zagayayye kamar kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. Muddin kwamfuta tana jone da wuta, ko da a kashe take, ba ta cika cin wannan batir ba. Ana cin sa ne lokacin da aka ɗauke wuta ko aka zare filogi. Ke nan a wurin da wuta ke yin awanni ba ta zo ba ya fi saurin ƙarewa, balle kuma kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga waje, irin su OptiPlex na Dell da EliteDesk na HP, waɗanda batirinsu ya riga ya yi shekaru kafin su iso. Idan ya mutu, saiti yakan koma na kamfani, jerin tashi da tsarin tashi su canza ba tare da kowa ya taɓa su ba, washegari sai a wayi gari da baƙin allo. Gyara saitin ba tare da canza batirin ba ɓata lokaci ne, domin da zarar an sake ɗauke wuta komai zai koma gidan jiya.

Na biyu, duba ko BIOS tana ganin faifan. A shafin bayanan na'ura ko na ajiya za ka ga sunansa da girmansa, misali wani suna da ya fara da ST na Seagate ko WD na Western Digital, da 500GB ko 1TB. Idan wurin babu komai, ko sunan ya fito a hargitse, ko girman ya nuna sifiri, to babu umarnin da zai gyara wannan, sai an buɗe akwati.

Na uku, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, shi ne tsarin tashi. Akwai tsohon tsari da ake rubutawa Legacy ko CSM, akwai kuma UEFI, wanda ya zama ruwan dare tun fitowar Windows 8 a 2012, kuma shi kaɗai Windows 11 ta amince da shi a hukumance. Faifan da aka ɗora wa Windows a tsarin UEFI ba ya ajiye umarnin tashi a farkonsa. Yana ajiye shi ne a wani ƙaramin ɓangare na musamman. Idan saiti ya juya zuwa Legacy, BIOS za ta je farkon faifan ta tarar da hatimi ba tare da umarni mai amfani ba, sakamakon kuwa yakan zama wannan layi mai ƙiftawa. Idan ba ka san tsarin da aka ɗora taka a kai ba, gwada ɗaya, in bai yi ba ka koma ɗayan. Wannan canji ba ya goge komai a faifai. A wasu kwamfutoci sai an kashe wani saitin tsaro na BIOS mai suna Secure Boot kafin zaɓin Legacy ya bayyana.

Na huɗu shi ne jerin tashi kansa. A tsarin UEFI abin da ya kamata ya kasance a sama shi ne Windows Boot Manager, ba sunan faifan ba. A tsarin Legacy kuwa sunan faifan da ke ɗauke da Windows ne. USB da CD da tashi ta hanyar sadarwa su koma ƙasa. Idan faifai biyu ne a ciki, yi amfani da jerin tashi na lokaci ɗaya ka gwada kowanne, domin idan aka ɗora Windows alhali faifai biyu suna jone, fayilolin tashi sukan sauka a kan ɗayan, ba a kan wanda Windows take ba, kuma mutane da yawa ba sa sanin haka sai ranar da suka cire tsohon faifan.

Akwai kuma saitin SATA, wato hanyar da faifai ke haɗuwa da madabod, mai zaɓin AHCI ko RAID ko IDE. Idan ya canza daga wanda aka ɗora Windows a kai, abin da aka fi gani shi ne shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE BOOT DEVICE, don haka idan bayan gyaran da ka yi layin ya tafi shuɗin allo ya maye gurbinsa, to an samu ci gaba ne, sai ka dawo nan ka gwada ɗayan zaɓin. Gargaɗi ɗaya game da duk waɗannan canje-canje: idan an kulle faifan da BitLocker, wato manhajar kulle faifai ta Windows, taɓa saitin BIOS na iya sa a nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda galibi take ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar ko a wurin sashen kwamfuta na ma'aikata. Nemo ta tukuna.

Kafin ka fita daga wannan mataki, yi amfani da gwajin da kamfani ya gina a ciki. A Dell danna F12 ka zaɓi Diagnostics, a HP danna Esc sannan F2. Gwajin faifai na gaggawa ba ya wuce 'yan mintuna. A Dell lambar kuskure 2000-0141 tana nufin ba a ga faifai ba, 2000-0142 kuma tana nufin faifan ya faɗi gwaji.

Buɗe akwati

Zare filogi, ka danne maɓallin kunnawa don ragowar wuta ta fice, ka kwantar da akwatin a kan tebur, ka cire murfin gefe. Taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa wani sashe, ka kuma riƙa maimaitawa, musamman lokacin hunturu, domin 'yar wutar nan da ke tartsatsi idan mutum ya cire rigar sanyi ko ya taɓa ƙofar mota ta isa ta kashe sashen lantarki. Fawa-fak kuwa, wato akwatin ƙarfen da wayar wuta ke shiga, kada a kwance shi ko kaɗan, saboda yana riƙe wuta mai haɗari bayan an zare filogi.

Faifan SATA wayoyi biyu ke shiga jikinsa, siririya ta bayanai da ke tafiya madabod, da mai faɗi ta wuta da ke fitowa daga fawa-fak. Zare kowacce daga ɓangarorin biyu ka mayar har ka ji ta zauna daram. Idan akwai ma'ajin CD da ba a amfani da shi, ari wayoyinsa ka jona wa faifan, ka kuma canza kafa a madabod. Da wannan dabara ɗaya ka gwada waya da kafa ba tare da sayen komai ba. SSD irin na M.2, mai kama da 'yar sanda a kwance a kan madabod, noti ɗaya ne ke riƙe shi: kwance, zare, mayar a karkace, danne, ɗaure. RAM ma a zare ta ta hanyar buɗe maƙallan gefe, a goge bakinta da busasshen ƙyalle mai tsabta, a hure ƙurar ramin, a mayar har maƙallan su rufe da kansu. Idan sanda biyu ce, gwada kowacce ita kaɗai. A nan ne kuma za ka canza batirin CR2032, fuskar da ke da alamar tarawa tana kallon sama.

Ceto bayanai kafin gyara

Idan BIOS tana ganin faifan, saiti daidai yake, amma har yanzu layin yana nan, to fayilolin tashi ne suka lalace, kuma ɗauke wuta a tsakiyar sabunta Windows ko a lokacin da take rufewa yana cikin abubuwan da ke jawo haka. Kafin a gyara su, a kwashe bayanai. Wannan shi ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa.

A wata kwamfuta mai lafiya, sauke Ubuntu ko Linux Mint, wato nau'o'in Linux, babbar manhaja da ke iya tashi daga filashi a madadin Windows, ka ɗora a filashi da manhajar Rufus, ka sani cewa duk abin da ke cikin filashin zai goge. Soke shi a maras lafiyar, ka zaɓe shi daga jerin tashi na lokaci ɗaya, ka zaɓi gwadawa, ba ɗorawa ba. Idan ta tashi ta wannan hanya, ka ƙara samun tabbacin cewa madabod da RAM da furosesa suna aiki. Buɗe ma'ajin fayiloli, ka shiga faifan Windows, ka nemi Users, a ciki ka nemi sunanka, ka kwafe Desktop da Documents da Pictures da Downloads zuwa faifan waje, kana farawa da abin da ya fi muhimmanci, domin faifan da ya fara gajiya yana iya mutuwa ana tsakiyar kwafa. Daga nan buɗe manhajar Disks ka duba bayanan SMART, inda faifai ke rubuta tarihin lafiyarsa. Lambobi uku ne abin lura: 5, adadin gurabun da suka lalace aka musanya; 197, waɗanda suka ƙi karantuwa ake jiran hukunci a kansu; da 198, waɗanda suka gagara gyaruwa. A faifai mai lafiya dukkansu sifiri ne. Idan sun haura, a ganina gyaran fayilolin tashi wahalar banza ce, domin za su sake lalacewa. A sayi sabon faifai kawai.

Gyara fayilolin tashi na Windows

Ana bukatar filashi na aƙalla 8GB da aka ɗora wa Windows ta manhajar Media Creation Tool ta Microsoft ko ta Rufus. A jerin tashi filashin yakan fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu; zaɓi wanda ya dace da tsarin kwamfutarka. Bayan shafin zaɓin harshe, kada ka danna ɗorawa, nemi zaɓin gyara, Repair your computer, sannan Troubleshoot, sannan Startup Repair. Bar shi ya gama, ka zare filashi ka gwada. Yakan yi nasara a wasu lokuta, kuma ba ya goge fayilolin mutum.

Idan bai yi ba, koma ka zaɓi Command Prompt, ka rubuta waɗannan, kana danna Enter bayan kowanne:

diskpart
list disk
list volume

A sakamakon list disk, duba layin faifanka a ƙarƙashin Gpt. Idan akwai alamar tauraro, faifan GPT ne, wato na tsarin UEFI. Idan babu, na MBR ne, wato na tsarin Legacy. A sakamakon list volume kuma, gano ɓangaren da Windows take ta hanyar girmansa, ka lura da harafinsa, domin a wannan wuri haruffa sukan canza, abin da ka saba gani C ya koma D ko E. A misalan da ke ƙasa an ɗauka D ne. Muddin kana cikin diskpart, kada ka rubuta clean ko format ko da wani ya ba ka shawara, domin na farko yana share taswirar faifan baki ɗaya nan take ba tare da ya tambaye ka ba.

Idan faifan GPT ne, nemi ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32, wanda girmansa yakan kasance 100MB ko 260MB, wani lokaci fiye. A ce lambarsa 3 ce:

select volume 3
assign letter=S
exit
bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI

Idan ya rubuta cewa an ƙirƙiri fayilolin tashi cikin nasara, rufe taga, zare filashi, ka shiga BIOS ka tabbata Windows Boot Manager yana sama.

Idan kuwa MBR ne, aikin ya ɗan fi tsawo, domin dole ne a tabbata ɓangaren da ke ɗauke da fayilolin tashi shi ne aka yi wa alamar aiki. Wannan ɓangare shi ne ƙaramin nan mai suna System Reserved, in kuma babu shi, to wanda Windows take. Rashin wannan alama, ko sanya ta a kan ɓangaren da ba shi ba, abu ne da ake yawan gani bayan an kwafe tsohon had-disk zuwa SSD, ko bayan wani ya yi wasa da manhajar rarraba faifai. A ce System Reserved lamba 1 ne:

select volume 1
active
assign letter=S
exit
bootrec /fixmbr
bootrec /fixboot
bootrec /rebuildbcd

Umarnin fixmbr yana sake rubuta umarnin tashi ne kawai, ba ya taɓa taswirar ɓangarori, don haka fayilolinka ba sa cikin haɗari. Sai dai idan akwai Linux tare da Windows a kwamfutar, zai share GRUB, wato manhajar tashi ta Linux da ke nuna jerin zaɓi, sai an sake gyara shi daga baya. A sababbin fitowar Windows 10, fixboot yakan amsa da Access is denied. Idan haka ta faru, yi amfani da waɗannan biyu a madadinsa:

bootsect /nt60 S: /mbr
bcdboot D:\Windows /s S: /f BIOS

Idan umarnan sun ƙi ganin Windows sam, kuma ka riga ka kwashe bayananka, gwada chkdsk D: /r. Yana iya ɗaukar awanni a babban faifai, yana kuma wahalar da faifan da ya gaji, shi ya sa bai zo da wuri ba. Kada a fara shi sai da tabbacin wuta, ko UPS mai ƙarfi ko janareta.

Idan Linux ce a kan kwamfutar

A Ubuntu da danginta layin yakan bayyana ne bayan GRUB ta gama aikinta, lokacin da sashen hoto ya kasa tashi. Danna Ctrl da Alt da F3 tare; idan wurin rubuta suna ya fito, tsarin yana raye. Shiga ka rubuta df -h, domin faifan da ya cika maƙil yana hana sashen hoto tashi, kuma sudo apt clean tare da goge wasu manyan fayiloli yakan wadatar. Idan ba cikar faifai ba ce, sake kunnawa kana riƙe da Shift a tsarin Legacy ko kana danna Esc a UEFI har jerin GRUB ya fito, danna e, ka nemi layin da ya fara da linux, ka ƙara nomodeset a ƙarshensa, ka danna F10. Idan ta tashi, direban katin hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa katin, musamman na NVIDIA bayan sabuntawa, sai a sake ɗora shi.

Idan duk an bi amma layin bai tafi ba

Abin da ya rage shi ne RAM da fawa-fak da madabod. RAM ana gwada ta da Memtest86+ daga filashi, a bar shi ya kammala aƙalla zagaye ɗaya, kuma kuskure ko ɗaya ya isa a canza sandar. Fawa-fak yana ba da bolt 12 da 5 da 3.3, kuma ba a yarda su kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 ba, ke nan layin 12 bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4 ba. Babban had-disk na tebur da bolt 12 yake juya injinsa, don haka fawa-fak da hawa da saukar wuta suka gajiyar yana iya kunna madabod da fanka amma ya kasa tayar da faifai. Mai gyara zai auna da mita, ko ya ɗora wani fawa-fak na gwaji. Idan akwai katin hoto na daban kuma madabod tana da nata kafar allo, cire katin ka jona allo kai tsaye. Duba kuma kapasitocin madabod, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye: wanda kansa ya kumbura ko ya fitar da tsatsa ya mutu.

Idan aka kai ga sake ɗora Windows, sayi sabon SSD, ko da mai 256GB ne, ka zare tsohon faifan gaba ɗaya, ka ɗora a kan sabon shi kaɗai domin fayilolin tashi su sauka inda ya dace. Bayan ta tashi lafiya, kashe, ka mayar da tsohon a matsayin na biyu, ka tabbata sabon ne a saman jerin tashi, sannan ka shiga tsohon ka kwashi abin da ka manta, irin su fayilolin manhajar lissafi da na imel da ba a ajiye su a Documents ba. Kada a yi wa tsohon faifan fomatin sai an yi 'yan makonni ana aiki da sabon, an tabbata babu abin da ake nema a cikinsa.